Tukunyar Walda a Gindin Igwa

Samarin da ke zama a bencin garejina a unguwar Diguel ta Njamena suna da wata ɗabi'a. Da zarar ɗayansu ya ga igwa mai tafiya da kanta a cikin waya, sai ya miƙo mini ya ce, Usta Sale, ba irin wannan ka gyara a bariki ba? Kafin in amsa wani ya riga ya yanke hukunci: wai ai babbar mota ce aka ɗora wa bututu, na ciki maɓalli kawai yake dannawa, bakaniken kuma juyen mai ne aikinsa. Kallon kitse suke yi wa rogo. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon mai waya, shi ya sa na sa ta a takarda. Wanda ya so ya karanta.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne wanke ƙusoshin sarƙar katafila da kananzir. A farkon shekarun casa'in ne, a garejin Usta Hamidu a unguwar Abena. Usta muke ce wa maigidan sana'a a nan. Shi ma irinmu ne, jikan waɗanda suka taso daga yamma za su Makka da ƙafa, suka iso bakin kogin Shari suka sauke kaya, ba su ƙara gaba ba. Katafilolin masu aikin hanya yake gyarawa, da manyan motoci. Wata shida na yi ban riƙe sifana ba, wadda a nan muke ce wa kile. Ƙusa nake wankewa in jera a kan buhu, ya zo ya ɗauki ɗaya ya shafa da babban yatsa ya ce wannan ta cinye, wannan da sauranta. Ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Sai da yatsana ya fara jin abin da nasa ke ji, sannan ya ba ni guduma.

A lokacin babu kayan gyara a garin nan. Abin da ya lalace, ko ka ƙirƙiro shi ko motar ta shekara a kan dutse. Daga kwalin sukari muke yanka gaskit. Tsohon tub ɗin taya shi ne robarmu. Tankin mai ya tsage a hanya, sabulu ake murzawa a toshe. Sifirin ya karye a daji, ɗanyar fata ake naɗa masa, rana ta busar da ita ta kama kamar ƙarfe. Wannan ita ce dabara, kuma da ita ake auna bakanike a Njamena. Wanda ya ce babu kaya, ba za ta yiwu ba, ba a ƙara kawo masa mota.

Abu ɗaya ne Usta Hamidu bai yarda a yi wasa da shi ba, tukunyar iskar walda. Ranar da ya fara koya mini walda na miƙa hannu zan buɗe kan tukunyar, hannuna duk giris. Ban ga tahowar marin ba. Da kunnena ya daina ƙara, ya sa na wanke hannu da toka da sabulu sau uku. Ya ce wannan iskar ba ta ci da kanta, amma in ta haɗu da mai ko giris a matse, ba ta jiran ashana. Ya ce ya taɓa zuwa jana'izar da ba a yi wa mamacin wanka ba saboda haka. 

Wajen ƙarshen casa'in aka nemi farar hula da ya san injin gazuwal, wato dizal, da sarƙa a wani bariki, Usta Hamidu ya tura ni. Da farko ban ga sarƙa ba, a-kori-kura na gani, ɗaya bayan ɗaya. Yaƙin sojanmu yaƙin a-kori-kura ne: a sare rufin, a ɗora bindiga a baya, a taka mai har ƙasa, wanda ya fi gudu da zuciya shi ya ci. Soja kuwa abokin ciniki ne na daban. Ba zai gaya maka abin da ya sami motar ba. Zai ce ta mutu, ka tashe ta, yana nan a tsaye da bindiga a kafaɗa yana shan shayinka. Na tashi motocin da ya kamata a binne. Na haɗa ɗaya daga gawar uku. Har suka sa mini suna Ma-fi-mushkila, wato babu matsala da Larabci, don abin da nake ce musu ke nan kowane lokaci, kuma ina jin daɗin sunan. Ku riƙe wannan, don da shi aka kusa kashe mutum huɗu.

Bayan shekarar da yaƙi ya shigo cikin gari aka kawo igwoyin, guda uku. Ba sababbi ba ne fil daga masana'anta, amma a wurinmu sababbi ne. Wani Bature ya zo tare da su, da tafinta, ya yi 'yan watanni yana koya mana. Abu na farko da za ku cire daga kanku shi ne cewa tanka ce. Tanka tana ganin abin da take harbi. Igwa makauniya ce. Tana laɓewa a bayan tudu, wani yana can gaba da madubin hangen nesa da rediyo, wani yana lissafi a takarda, su huɗun da ke ciki lamba kawai suke ji. Su juya, su ɗaga baki, su harba, sannan su bar wurin kafin a maido musu da amsa. Don wannan barin wurin aka yi mata ƙafa. Ƙarfen jikinta ma ba shi da kauri, na tare ɓarɓashi ne kawai.

Yawancin sojoji ba su so ta ba. Ba ta da gudu, tana shan gazuwal kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya, kuma in za a yi nisa sai an ɗora ta a tirela. Mutum ɗaya ne na ga yana shafa ta kamar doki, Ajidan Abakar, shugaban igwa ta uku (ajidan muƙaminsa ne, ƙasa da kapiten). Dattijo ne, ya fara tun zamanin igwar da ake ja da mota, kunnensa na hagu ya mutu tuntuni. In za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Mai ɗura masa harsashi wani ƙato ne, Jibrin, wanda ke ɗaukar harsashin igwa kamar ya ɗauki kankana. Jibrin ba ya magana da yawa, sai dai in ya gan ni a ƙarƙashin igwar ya ce, "Usta, ka ɗaure da kyau, ni ne a kusa da bakin murhu."

Ɗaurin sarƙa kaɗai ya isa ya kori mai son jiki. In ta yi sako-sako, za ta zame a kwana ta bar mutane a fili. In ta yi tauri, za ta cinye ƙusa da haƙora. Cire gaɓa ɗaya aikin mutum uku ne da babbar guduma da ƙarfen banƙara, a rana, ƙarfen yana ƙona tafin hannu. Sannan matatar iska. An yi injin nan don ƙasar sanyi da laka, aka kawo shi ƙasar yashi. Abin da littafin ya ce a wanke bayan tafiya mai nisa, mu kullum muke wankewa. Ka yi kasala kwana biyu, injin ya sha yashi, sai ka sauke shi, kuma sauke injin igwa ba sauke injin a-kori-kura ba ne.

Amma ran aikin yana wurin da ba a nunawa a waya. In igwa ta yi harbi, bututun nan gaba ɗaya yakan zabura baya, ya shigo cikin ɗakin da mutane ke zaune. Silinda biyu ke riƙe shi. Ɗaya cike da mai, ita ke tare shi kamar birki. Ɗayar mai ne da iska a matse, ita ke mayar da shi gaba ya zauna. In iskar ta ragu, bututun ba zai koma ba, igwa ta zama kwandon ƙarfe. Iskar da ake sawa azot ce, wadda ba ta tayar da wuta, tana zuwa a tukunyarta. In babu, akwai famfon hannu da ya zo a akwatin kaya, mutum biyu su yi ta ja ana musanya su, tun hantsi har rana ta karkata. Kowace safiya kafin in sha shayi sai na ɗora agogon awo a kan igwoyin ukun nan.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda ta biyo bayan tafiyar Baturen. Kayan da ya bari suka ƙare. Takardar neman kaya ta hau sama ba ta sauko ba. Azot ta ƙare tun damina. Bazara ta shigo, zafi ya busar da roba, igwa ta uku ta fara tsiyayar iska kaɗan-kaɗan. Na faɗa, aka ce in yi dabara. Na ciro famfon hannu, na tarar fatar cikinsa ta bushe ta tsage, ba ya tura komai.

A cikin wannan hali umarni ya zo wata safiya: igwa uku za su gabas, tirela za ta iso bayan la'asar. Kapiten ɗin da ke riƙe da mu matashi ne, daga rundunar a-kori-kura aka kawo shi, jarumi ne kowa ya shaida, amma bai taɓa zama cikin igwa ba. Na gaya masa biyu lafiya lau, ta uku tana son iska, kuma zan je kasuwa a yanka mini sabuwar fatar famfo. Ya ce in yi sauri. Na ɗauki tsohuwar fatar na kai wa wani baduku, ya auna, ya yanka daga ƙirgi mai kauri, muka jiƙa ta da mai har ta yi laushi. Irin wannan dabarar ba ta da laifi. Sai bayan azahar na dawo.

Tun daga ƙofar rumfar gyara na hango kurar mai walda a gindin igwa ta uku, tukunyar tana kai, tiyo yana ƙasa. Kofur ɗin da ke riƙe da sito yana zaune a gefe yana goge hannu. Ya tarye ni da fara'a. Ya ce ya hutar da ni: ya ga iska ake nema, ga iska a tukunya tana zaune banza, ya ɗan gyara bakin tiyo ya shiga, ya ɗura a hankali, agogo ya hau daidai inda nake so. Ya ce, "Irin taka na yi, Usta. Ma fi mushkila."

Ban zage shi ba. Shekara nawa yana kallona ina haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba, yana aiki, ana yaba mini. Bai taɓa walda ba, ba wanda ya taɓa marinsa a kan tukunya. Yadda abin bai tashi da shi ba a lokacin ɗurin, wannan sai Allah. Abin da na sani shi ne yanzu akwai iskar walda da mai a cikin silinda ɗaya, kuma harbin farko zai matse su lokaci guda, kamu ɗaya daga kan Jibrin.

Na sami kapiten a inuwa yana duba taswira. Na yi masa bayani da Larabci, na ƙara da ɗan Faransancin da nake da shi. Na ce a ba ni kwana ɗaya: in saki iskar, in zubar da man, in wanke, in ɗura da famfo, gobe igwar ta bi su. Ya tambaye ni agogo me ya nuna. Na ce ya nuna daidai. Ya ce to kalas, magana ta ƙare. Na ce agogo nauyin iska yake aunawa, bai san wace iska ba ce. Ya tambaya ko na taɓa ganin igwa ta fashe don haka. Na ce ban taɓa ba. Ya ce an ce masa igwa uku, uku zai kai, akwai mutane can suna jiransu. Da na ƙara matsawa, sai ya ajiye taswirar ya dube ni.

"Kai da safe ka tafi kasuwa, yanzu ka dawo kana so a bar igwa. Wa kake yi wa aiki?"

A shekara irin waccan, wannan tambayar ta isa ta ɓatar da mutum. Ni farar hula ne, Bahaushe, ba ni da kawu ko ɗan'uwa mai igiya a kafaɗa da zai zo nemana. Na ce masa aikin igwa nake yi, na bar wurin.

Ajidan Abakar yana ɗaure kayansa a bayan igwar. Na zagaya ta damansa na gaya masa komai, ban ƙara ba ban rage ba. Ya tambaya na tabbata za ta fashe? Na ce ban tabbata ba. Wataƙila a harbin farko, wataƙila a na goma, wataƙila ba ta fashe ba sam. Ya tambaya in ni ne zan zauna a ciki? Na ce ko da igiya aka ja ni ba zan zauna ba. Ya ƙarasa ɗaure kayan.

"Ni soja ne, Usta. An ce in hau, zan hau. Ba ni da bakin ƙi." Ya ɗaga kai. "Kai kuwa ba soja ba ne."

Sai ya kira mutanensa ya ce su zo su yi la'asar tun da wuri kafin tirela ta iso. Har Jibrin ya ce ai lokaci bai yi ba, ya ce masa matafiyi yana da rangwame. Suka tafi can bayan sito. Ya bar ƙofofin igwar a buɗe, duka.

Na wanke hannu da sabulu, na wanke kile, na shiga. Sakin irin wannan iskar ma ba wasa ba ne, ga ɗaki duk mai da giris. Na murɗa bawul ɗin kaɗan, kaɗan ƙwarai, har sai da na ji wani siririn huci kamar na maciji. Na bar shi a haka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san rigata ta jiƙe har wando, ina kallon allurar agogo tana sauka. Da ta kwanta ƙasa, na kwance bawul ɗin gaba ɗaya na sa a aljihu, don kada wani mai son taimako ya sake ɗurawa. Na fito na tafi wurin kapiten da ƙafata, na gaya masa abin da na yi, na ajiye bawul ɗin a kan taswirarsa. In na ɓoye, ya zama zagon ƙasa ke nan na gaske.

Bai harbe ni ba. Ba don tausayi ba, ina jin lokaci ne ba shi da shi, tirela ta riga ta shigo. Aka ɗora igwa biyu, aka raba Ajidan da mutanensa cikin a-kori-kura, ni kuma aka jefa ni kaso. Kwana tara na yi. Babu wanda ya yi mini tambaya, babu wanda ya yanke mini hukunci. Ran na goma aka buɗe, aka miƙo mini akwatin kayan aikina, aka ce kada a sake ganina a ƙofar barikin. Har yau ba wanda ya ce mini na yi daidai, ba wanda ya ce na yi kuskure. Igwar kuma ban san wanda ya ƙarasa gyaranta ba.

Na dawo Diguel na kafa wannan rumfar. Ba mai kawo babbar mota ga wanda aka kora daga bariki, sai na koma babur da injin niƙa da janareta. Ni da na sauke injin igwa, na koma goge fulogi. Ba kuka nake ba, abinci abinci ne.

Bayan wata huɗu, wata ranar hantsi, na ga Ajidan Abakar yana turo babur ya nufo rumfar. Ya rame, ba kaki a jikinsa. Muka gaisa, na ba shi benci, na aika aka kawo shayi. Na zagaya ta damansa na tambayi mutanensa. Ya ce direba lafiya, mai saiti ya ji rauni a cinya amma yana takawa. Ya ce Jibrin bai dawo ba. A bayan a-kori-kura harbi ya same shi, babu ko kwali tsakaninsa da harsashi, daga wani tudu da aka so igwa ta uku ta rufe. Biyun da aka kai suna can wani gefe, ba su iya juyowa da wuri ba.

Na yi masa ta'aziyya. 

"Da ka bar mu mun tafi da ita, wataƙila yana nan," ya ce.

Na ce, "Wataƙila. Wataƙila kuma da babu ku huɗun."

"Na sani. Ni na buɗe maka ƙofar." Ya shanye shayin ya kife kofin. "Ba shari'a na zo ba, Usta. Babur ɗin nan ne, tun daga Walia yake tari, a bakin kasuwa ya mutu."

Na jawo shi cikin inuwa, na durƙusa na kwance fulogin. Ya yi baƙi ƙirin. Na ce masa akwai sabo a shagon da ke tsallake, ko kuma in goge wannan ya kai shi gida. Ya ce in aika a sayo sabon, ba sauri yake ba.